Gidan hutu a bakin tafki: ina ikon mai gida ya tsaya, ina haƙƙin maƙwabta ya fara?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Kamar yadda wasunku suka sani, bara ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi ɗan ƙaramin gidan hutu na katako a bakin wani tafki da ke gundumar Haliburton a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, tafiyar kusan awa uku a mota daga Toronto. Gidan tsoho ne, ɗaki biyu da falo, kuma tsakaninsa da ruwa akwai gangare mai kamar taku talatin wanda ƙananan itatuwa da dogayen ciyayi suka rufe, ga wani tsohon icce da ya faɗi rabinsa a cikin ruwa. Niyyata ita ce in sa a share wurin, a shuka ciyawar ado irin ta ƙofar gida, a kawo yashi tifa ɗaya ko biyu a zuba a gaɓa, domin yara su sami wurin wasa da wanka, ni kuma in riƙa hango su daga baranda.

Ranar Asabar ina tsaye da mai aikin da zai yi sharar muna auna wurin, sai ga maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta tuƙo ɗan kwale-kwalenta ta tsaya a gabanmu. Ta gaishe ni cikin mutunci, ta ce ita ce mai kula da lafiyar ruwa a ƙungiyar masu gidajen tafkin, ta roƙe ni kada in taɓa gangaren sai na yi magana da su, har ma ta tambaye ni yaushe rabon da a kwashe shaddar gidan. Ban faɗa mata wata baƙar magana ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Da kuɗinmu muka sayi wurin, muna biyan haraji duk shekara, kuma idan na ɗaga kai ina hango manyan gidaje a tsallaken tafkin da ciyawar adonsu har bakin ruwa. Na kasa raba zuciyata da tunanin cewa don mu baƙi ne, kuma mu kaɗai ne baƙaƙen fata a wurin, shi ya sa aka fara da mu. Shin akwai wanda ya san wannan al'amari? Ƙungiyar nan tana da ikon hana ni?

Alhaji Babba

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ƙungiyar masu gidajen tafki ba hukuma ba ce, shigarta ma ganin dama ne, don haka ba ta da ikon hana ka komai a filinka. Na fahimci ɓacin ranka, domin na sha ganin irin wannan: waɗanda suka riga ka zuwa sun sare nasu itatuwan shekaru arba'in da suka wuce, sun gina rumfunan jirage a kan ruwa, sun ci moriyar wurin, sannan da sabon mutum ya zo sai a tuna da muhalli. A manyan tafkunan Muskoka, yankin da ke maƙwabtaka da Haliburton, irin su Rosseau da Joseph, akwai gidajen da ake kira na hutu alhali sun fi gidajenmu na birni girma sau biyar. Idan da gaske lafiyar ruwa ake nema, a fara daga can. Shawarata ita ce ka tambayi ƙaramar hukuma abin da doka ta ce, idan ba ta hana ba ka yi aikinka, ka bar tsohuwar da ra'ayinta.

Dakta

Alhaji, ina girmama maganarku, kuma gaskiya ne manyan gidajen sun yi ɓarna mai yawa. Sai dai ina roƙon Baban Hanifa ya dakatar da mai aikin nan tukuna, domin abin da dattijuwar take tsoro ba ra'ayi ba ne kawai, abu ne da aka gwada a ƙasar nan aka gani da ido.

A arewa maso yammacin Ontariyo, kusa da Kenora, akwai wasu ƙananan tafkuna da aka ware tun 1968 domin gwaji. A 1973 masana ƙarƙashin jagorancin David Schindler suka raba ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Tafki na 226, gida biyu da labulen roba. Suka zuba sinadarin kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, amma fosfaros a ɓangare ɗaya kawai suka ƙara shi. Ɓangaren da ya sami fosfaros ya rikiɗe ya zama kore shar da gansakuka, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zagaya duniya, kuma aikin da aka yi a waɗannan tafkuna yana cikin abin da ya sa gwamnatoci suka rage fosfaros a sabulun wanki. To wannan fosfaros ɗin shi ne ke cikin takin zamani da yawa, da najasar ɗan Adam, da kashin dabbobi, da ƙasar da ruwan sama ke wankewa. Ɗan kaɗan ne yake sauya tafki, domin da mikrogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, ake auna shi: tafkin da ke ƙasa da 10 a lita ɗaya ana ɗaukarsa mai tsabta, wanda ya haura 20 kuwa ya shiga haɗarin gansakuka.

Abu na biyu shi ne yanayin ƙasar wurin. Mafi yawan Haliburton da Muskoka a kan shimfiɗaɗɗen dutse suke, ƙasar da ke bisansa siririya ce, wani wurin ma ba ta kai kamu ɗaya ba. Idan aka yi ruwan sama ko dusar ƙanƙara ta narke, babu ƙasa mai zurfi da za ta shanye ruwan, sai ya gangara kai tsaye zuwa tafki da duk abin da ya kwaso. Waɗannan ciyayi da ƙananan itatuwa da kake ganin sun ɓata maka gangare su ne rariyar ƙarshe: suna rage wa ruwan gudu, saiwoyinsu suna zuƙe abincin da ke cikinsa, suna kuma riƙe gaɓa kada igiyar ruwa ta cinye ta. Ciyawar ado saiwarta gajera ce, ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi kuwa iccen da ya faɗa ruwa, ƙananan kifaye a ƙarƙashinsa suke ɓuya, kunkuru a kansa yake shan hantsi. Yashin da kake son zubawa zai binne tsakuwa da ciyayin ruwa inda kifi ke saka ƙwai, kuma bayan shekara biyu ko uku igiyar ruwa da ƙanƙara za su janye shi, ka sake sayen wani.

Baban Hanifa

Na gode, Dakta, na ƙaru. Amma ina so in fahimci abu ɗaya. Tafkin nan yana da gidaje sun fi ɗari, kuma faɗin filina a bakin ruwa bai wuce mita talatin ba. Ta yaya ɗan wurin nan nawa zai ɓata ruwa mai yawa haka? Ni ban yi niyyar zuba taki mai yawa ba, kuma ba zan sare manyan itatuwan ba.

Injiniya

Baban Hanifa, zan bar wa Dakta wannan tambayar, ni kuma in yi magana a kan doka, domin akwai wurare uku da za ka iya faɗawa rami ba ka sani ba.

Na farko, ka buɗe takardar awon filinka ka duba da kyau ko iyakarka ta kai bakin ruwa. A ƙananan hukumomi da yawa na Ontariyo, lokacin da aka yi awon farko a ƙarni na 19, an ware ƙafa 66, wato kusan mita 20, daga bakin ruwa a matsayin hanya. Hanyar ba a taɓa gina ta ba a mafi yawan wurare, amma filin yana nan a hannun ƙaramar hukuma sai idan wani daga cikin masu gidan na baya ya saye shi. Yana yiwuwa gangaren da muke magana a kansa ba naka ba ne a takarda. Na biyu, gundumar Haliburton ta yi dokar kare gaɓar tafkuna bayan doguwar jayayya, inda aka fara da batun mita 30 aka sauko zuwa mita 20, kuma ta fara aiki a 2023. Ba duka ƙananan hukumomin gundumar ne suka bi ta a kan tsari ɗaya ba, don haka sai ka tambayi taka. Zuba yashi a cikin ruwa kuwa wata magana ce daban, domin ƙasan yawancin tafkuna mallakar lardi ne, ana buƙatar izini, kuma dokar kifaye ta tarayya ta hana lalata mazaunin kifi.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne tambayar da dattijuwar ta yi maka a kan shadda, wadda na lura ba ka ce komai a kanta ba. Gidajen nan ba a haɗe suke da magudanar gari ba. Duk abin da ya fita daga banɗaki da kicin yana shiga tanki a ƙarƙashin ƙasa, daskararren ya kwanta, ruwan ya wuce cikin wasu bututu masu huji da aka shimfiɗa a cikin tsakuwa da yashi, daga nan ƙasa ta tace shi. Dokar gini ta lardi ta ce tazarar wannan shimfiɗa da ruwa kada ta gaza mita 15, ƙananan hukumomi da dama kuma suna neman 30. Tsofaffin gidaje an gina su ne don iyali ɗaya mai zuwa na 'yan makonni. Ku kuwa gida biyu ne, kuma na san mu da baƙi: ranar hutu za a iya taruwa mutum ashirin, ga wanke-wanke, ga alwala sau biyar, ga wankan yara. Tankin da ba a kwashe ba zai tura daskararren cikin bututun ya toshe su, kuma abin da ya kasa tacewa gangarawa zai yi zuwa daidai wurin da kake son Hanifa ta yi wanka. Ana so a kwashe shi duk shekara uku zuwa biyar. Ka zagaya bayan gidan ka duba: idan ka ga wuri guda ciyawarsa ta fi ko'ina kore da laushi, ko ƙasar tana nutsewa da ƙafa, ko kana jin ɗoyi bayan an yi ruwa, to ka kira mai dubawa kafin ka kashe ko sisi a kan yashi.

Hajiya Maman Yusuf

Ɗana Baban Hanifa, na karanta maganarka sau biyu, kuma sashen da ka ce kana jin don ku baƙi ne shi ya fi taɓa ni, domin ni ma na ɗanɗana wannan zafin. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna da ɗan gida a bakin wani tafki a yankin Kawartha. Shekararmu ta farko ba na gaisawa da kowa sai ɗaga hannu daga nesa, kuma duk takardar da ƙungiya ta saƙala mana a ƙofa ina ganinta kamar sammaci. Ba zan ce maka babu masu kallon raini ba, akwai su, na haɗu da su. Amma wadda ta tuƙo kwale-kwale ta zo ta same ka ido da ido kafin a fara aiki ta yi maka abin da maƙwabcin kirki yake yi. Mai mugun nufi shiru zai yi har ka gama, sannan ya buga wa hukuma waya.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne zuwa taronsu na shekara, wanda suke yi wata Asabar a watan Yuli a wani ɗan zauren unguwa. Na tarar da mutane suna lissafin kuɗin gyaran hanyar da muke bi mu shiga gidajenmu, wadda ashe ba ta hukuma ba ce, karo-karo ake yi a zuba mata tsakuwa. Suna maganar wanda zai sa alamomi a kan duwatsun da ke ɓoye a ruwa domin kada jirgi ya hau su, da inda aka ajiye famfon kashe gobara, tunda motar kwana-kwana tana da nisa. Na ga aikin gayya ne sak, kuma mun shekara muna cin moriyarsa ba mu sa hannu ba. Kunya ta kama ni ranar.

Yau shekara shida ni ce nake auna hasken ruwa a ɓangarenmu. Akwai wani shiri da ake kira Lake Partner, wanda ma'aikatar muhalli ta lardi take gudanarwa tun 1996 tare da FOCA, wato tarayyar ƙungiyoyin masu gidajen hutu ta Ontariyo, wadda aka kafa a 1963 kuma take da ƙungiyoyi fiye da 500 a ƙarƙashinta. Ana ba mu wani faifai mai launin fari da baƙi ɗaure da igiya mai alamar awo. Nakan fita da Yusuf zuwa wuri mafi zurfi, in zura faifan ta gefen inuwar jirgi a hankali har ya ɓace wa idona, in rubuta tsawon igiyar, in jawo shi har ya sake bayyana, in sake rubutawa. Muna kuma ɗibar ruwa a 'yan kwalabe mu aika ɗakin gwaji da ke Dorset. Idan ka yi wannan shekara da shekaru, tafkin yakan daina zama abin kallo daga baranda, ka fara sanin lafiyarsa kamar yadda ka san ta ɗanka. Shekarar da igiyar ta ragu da kusan rabin mita na kasa barci sosai.

Game da ciyawar ado kuwa, mu mun gaji tamu daga wanda ya sayar mana, kuma ba ta haifar mana da komai ba sai dinyoyin Kanada. Tsuntsayen nan suna son gajeriyar ciyawa da fili buɗaɗɗe inda za su hango abin da zai kama su. Kowace safiya sai na share kashinsu kafin jikokina su fita, ba ma a maganar shimfiɗa darduma a wurin. Da muka daina yanke ciyawar bakin ruwa muka dasa ƙananan itatuwan yankin, muka bar siririyar hanya mai lanƙwasa zuwa wurin ɗaure jirgi, sai suka koma gaba. Ka je taron nan, ɗana, ka tafi da abin taɓawa. Ni dambun nama na kai a karo na biyu, har yau ana tambayata shi.

Alhaji Babba

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarku ta shige ni, kuma na janye cewar da na yi ya bar tsohuwar da ra'ayinta. Batun shadda ma na yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari. Amma har yanzu ina da ja a wuri biyu.

Na ɗaya, Dakta ya ɗora laifin gansakuka a kan abin da masu gida ke yi, alhali a 2014 an sami ɓarkewarta a tafkin Dickson da ke cikin gandun Algonquin, inda babu jerin gidajen hutu balle ciyawar ado. Ashe ke nan akwai abin da ya fi ƙarfin gangaren Baban Hanifa. Na biyu, kalmar kula da muhalli a bakin wasu masu gidajen nan takan tsaya ne inda jin daɗinsu ya tsaya. Ku dubi abin da ya faru a tafkin Pigeon, can yankinku na Kawartha. Mutanen Curve Lake, 'yan asalin ƙasar daga al'ummar Anishinabe, suna farfaɗo da shinkafar daji da kakanninsu ke girba a ruwan tun kafin zuwan Turawa, sai wasu masu gidajen hutu suka tashi suna cewa ta toshe musu hanyar jirage ta rage darajar gidajensu. Shinkafar nan tsiron wurin ce ta asali, abinci ce ga mutane da tsuntsaye. An shafe shekaru ana wannan jayayya, a yankin da yarjejeniyoyin Williams na 1923, waɗanda gwamnati ta ƙulla da 'yan asalin ƙasar a kan filaye, suka shafa, waɗanda sai a 2018 gwamnati ta sasanta da al'ummomin ta kuma nemi gafararsu. Idan ƙanina zai shiga ƙungiya ya shiga, amma da idonsa a buɗe, kada ya ɗauka duk abin da aka kira kare tafki kare tafki ne.

Dakta

Alhaji, misalin Dickson daidai ne, kuma masana sun ɗauke shi da muhimmanci. Ruwan tafkuna yana ƙara ɗumi, ƙanƙara tana narkewa da wuri, lokacin da ruwa ke kwanciya lif babu iska yana ƙara tsawo, kuma duk wannan yana yi wa gansakuka mai launin shuɗi-kore daɗi. A wasu tafkunan ma, idan iskar shaƙa ta ƙare a ƙasan ruwa a ƙarshen lokacin zafi, fosfaros ɗin da ya daɗe kwance a laka yakan taso da kansa. Amma ni abin da na fahimta daga wannan shi ne tafkin da a da yake iya haɗiye kuskurenmu yanzu ba ya iyawa. Zafin rana ba ya hannun masu gida, abin da ke gangarowa daga filayensu kuwa yana hannunsu.

Wannan ne kuma amsar tambayar Baban Hanifa. Gaskiya ne mita talatin ɗinka kaɗai ba za su kashe tafkin ba. Sai dai gaɓar tafkin gaba ɗaya ba komai ba ce illa mita talatin ɗin wannan da na wancan, kuma kowane ɗaya daga cikin gidaje ɗarin nan yana iya faɗin abin da ka faɗa, ya kuma yi gaskiya. Shi ya sa masu wannan aiki suke ba da shawarar a bar kashi uku cikin huɗu na gaɓa yadda Allah ya halicce ta, a yi amfani da kashi ɗaya. Ba wanda ya ce kada yaranka su sami hanyar shiga ruwa.

A kan tafkin Pigeon ba ni da abin da zan kare. Ina tare da ku.

Maman 'Yan Biyu

Mu ba mu da gida, haya muke kamawa na mako ɗaya a watan Agusta, amma ina ganin abin da ya same mu ya shafi wannan magana. Shekara biyu da suka wuce mun tashi da safe muka ga bakin ruwa kamar an zubar da koren fenti, har da wani kumfa-kumfa a jikin duwatsu. Gidan daga tafki yake jan ruwan famfo. Ni a sanina duk ruwan da aka tafasa ya zama lafiyayye, har na ɗora tukunya, sai wani maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce kada mu sha, kada mu yi girki ko wanka da shi, kada yara su shiga, domin tafasawa ba ta kashe gubar wannan gansakuka, tana ma iya fasa ƙwayoyinta gubar ta ƙara fita. Ya kawo mana manyan jarkoki biyu daga rijiyarsa, da su muka yi alwala da girki har muka tafi. Wanda ya ba mu hayar bai bar mana ko takarda ɗaya a kan wannan ba. Mutumin da ya cece mu ɗan ƙungiyar tafkin ne, gida-gida yake bi yana sanarwa.

Ina roƙon duk wanda zai ba da gidansa haya, Baban Hanifa har da kai idan kun yi niyya nan gaba, ya rubuta wa baƙinsa abin da ya kamata su sani: adadin mutanen da shaddar gidan za ta ɗauka, cewa ba a wanka da sabulu a cikin tafki, da cewa kada gudun jirgi mai inji ya wuce kilomita 10 a awa idan ana cikin mita 30 daga gaɓa. Yawancin abin da 'yan haya ke ɓatawa rashin sani ne.

Mutumin Nguru

Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, wato jirgi. Ni na tashi ina ganin yadda kacala ta cinye hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru har masunta da manoma suka rasa wurin bi, don haka na san abin da tsiro ɗaya ke yi idan ya sami wuri. A nan ma akwai irinsa. Wani ɗan ƙaramin abin ruwa mai ɓawo biyu da zane a jiki, wanda ake kira zebra, an fara ganinsa a tafkin St. Clair a 1988 bayan manyan jiragen ruwa sun kawo shi daga Turai, yanzu ya bazu yana toshe bututun jan ruwa yana yanke ƙafar masu wanka. Akwai kuma wata ciyawar ruwa da guntunta ɗaya da ya maƙale a farfelar inji ya isa ya kafa sabon daji a wani tafkin. Tun farkon 2022 doka ce a Ontariyo a cire duk ciyawa da laka daga jirgi da tirelarsa, a kuma buɗe magudanarsa ruwan ya tsiyaye, kafin a kai shi wani ruwan. Baban Hanifa, idan abokanka za su zo da nasu jiragen, kai ne za ka tsaya a kan wannan. Kuma idan yara za su yi fatsa, ka saya musu nauyin ƙugiya wanda ba na darma ba, domin tsuntsun ruwan nan mai kuka da dare da hotonsa ke jikin tsabar dala ɗaya ta Kanada yana haɗiye darmar tare da tsakuwa, ƙwaya ɗaya kuma tana kashe shi.

Baban Hanifa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ga ya kamata in dawo in faɗa muku inda aka kwana. Na sallami mai aikin sharar. Na duba takardar awo kamar yadda Injiniya ya ce, kuma lallai akwai layi biyu a bakin ruwa, an rubuta hanya a tsakaninsu. Yayana ya rubuta wa lauyan da ya yi mana cinikin domin mu san ko an taɓa sayen wurin. Na zagaya bayan gida kuma na sami wurin da ciyawarsa ta fi kore, ƙasar da ɗan laushi, kuma a takardun da aka ba mu babu rasit ɗin kwashe tanki ko ɗaya. Mai dubawa zai zo ranar Alhamis.

Jiya da yamma na taka zuwa gidan dattijuwar tare da Hanifa. Ta nuna mana littafin da take rubuta awon ruwa a ciki, wanda mijinta ya fara kafin ya rasu, shafi bayan shafi da rubutun hannu. Na faɗa mata abin da ke raina game da manyan gidajen tsallake, ta ce ta je wa kowannensu kamar yadda ta zo mini, wasu sun saurara, wasu sun rufe mata ƙofa. Ta zagaya gangaren da ni ta nuna mini wani wuri a gefen hagu inda dutse ya shimfiɗu zuwa cikin ruwa, ta ce yara za su iya shiga ta nan ba tare da an zuba yashi ba, kuma idan na rage ƙananan rassan itatuwa biyu zan riƙa hango su daga baranda.

Alhaji, ban manta da gargaɗinku ba. Taronsu na shekara yana nan tafe a watan gobe, kuma na yi niyyar tambayarsu a gaban kowa me suke yi game da jiragen nan masu tayar da babbar igiya da ke fitowa daga tsallake, domin na ga yadda suke dukan gaɓarmu. Injiniya, idan mai dubawa ya ce bututun sun toshe, shin ana iya gyara su, ko sai an haƙa sabuwar shimfiɗa gaba ɗaya? Ina so in san abin da zan faɗa wa yayana kafin Alhamis.